Tsoho mai ciwon daji: tsakanin kemoterafi da maganin farkar da garkuwar jiki

Tun daga lokacin balaga, ƙullutun taimus da ke bayan ƙashin ƙirji yake fara motsewa, kuma a cikinsa ne ƙwayoyin garkuwa da ake kira T suke samun horon gane ƙwayar da ta lalace. Kafin mutum ya kai shekara 70, sababbin ƙwayoyin T sun yi ƙaranci, shi ya sa zaɓen magani ga dattijo mai ciwon daji yake buƙatar dogon nazari.

Kemoterafi yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa ba tare da ya tantance ba, don haka yakan taɓa ɓargo, inda ake samar da ƙwayoyin jini, fararen ƙwayoyin jini su ragu, har zazzaɓin da matashi zai shanye a gida ya kwantar da tsoho a asibiti.

Ɗaya hanyar kuwa, wato maganin farkar da garkuwar jiki, wadda binciken James Allison da Tasuku Honjo ya buɗe har suka sami kyautar Nobel a 2018, tana kwance dabaibayin da ciwon ya ɗaura wa ƙwayoyin T ne, domin su koma fagen fama. A ganina ta fi dacewa da raunin tsufa, tunda ba kasafai take zubar da gashi ko karya ɓargo ba, amma tana dogara ne da garkuwar da ta riga ta gaji, kuma takan sa jiki ya afka wa huhunsa ko hanjinsa. Ga tsada, sannan ba kowane irin ciwon daji take yi wa aiki ba.