Bushin tagulla na SAE 660 da na Oilite: gwaji a kan tsohon injin sassaƙa ƙarfe

Injin sassaƙa ƙarfen da nake farfaɗowa ya girme ni, kuma da na kwance kansa sai na tarar bushin da babbar sanda ke juyawa a cikinsa ya cinye, har sandar tana lilo idan aka ɗaga ta da hannu. Nau'i biyu na bushin tagulla na gwada kafin hankalina ya kwanta.

Na fara da Oilite, wanda kamfanin Chrysler ya ƙirƙiro a 1930. Garin jan ƙarfe da na kuza ake matsawa a gasa, ya fito da ƙananan ƙofofi kamar soso, sannan a shayar da shi mai har kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinsa. Idan ka matse shi tsakanin yatsu bayan ya ɗan ɗumama, za ka ga mai yana tsattsafowa. A kan ƙananan sanduna da kuma wuraren da hannu ba ya kaiwa da gwangwanin mai, ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Sai dai ba ya son wuƙa mai dakushi. Da kaina na lalata guda ɗaya, domin na faɗaɗa raminsa da tsohuwar rima (wuƙar daidaita faɗin rami), ƙarfen ya shafe ƙofofin, fuskar ta yi sheƙi gwanin kyau amma ta daina fitar da mai.

A babbar sanda kuwa SAE 660 ne ya gamsar da ni. Narkakkiyar tagulla ce wadda ta ƙunshi kusan kashi 83 na jan ƙarfe, 7 na kuza, 7 na dalma da 3 na tutiya. Dalmar nan ce sirrinsa, domin tana ba shi laushin da zai haɗiye ƙananan ɓurɓushi maimakon ya karce sandar, wadda samun madadinta ya fi na bushi wuya nesa ba kusa ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa na guji tagullar da aka haɗa da alminiyam, wadda taurinta ke buƙatar sanda mai tauri sosai, abin da yawancin tsofaffin injuna ba su da shi. SAE 660 yana sassaƙuwa cikin sauƙi, na yanke masa hanyar mai daidai da ramin da ke saman injin. Aibinsa shi ne ba ya yafe mantuwa: in ba a ɗiga masa mai ba kafin a tayar da inji, zai yi zafi.

Wanda zai saya ya auna sandarsa da maikromita tukuna, ya tuna cewa ramin bushi yana tsukewa bayan an danna shi cikin mazauninsa. Tsakanin sanda da bushi na bar tazarar kusan 0.001 na inci ga kowane inci ɗaya na kaurin sanda, kuma bayan awa guda ana aiki kan injin ɗumi kawai ya yi.