Maki ko nigiri: da wanne mai ƙyamar sushi zai fara?

Wata 'yar'uwarmu ta ce sau biyu ana kai ta gidan cin sushi, abincin Japan, tana tashi ba ta kai loma baki ba. Tana son ta saba, amma ba ta san da wanne za ta fara ba, maki ko nigiri. 'Yar'uwa, amsar tana ga abin da kike ƙyama: ƙarni ne, santsin ɗanyen kifi ne, ko ganinsa kawai ke tayar miki da zuciya.

Ki fara sanin cewa sunan sushi na shinkafar ne. Gajeriyar shinkafa ce mai danƙo, ana gauraya ta tun da zafinta da ruwan khal, sukari da gishiri. Kofi 2 na ɗanyar shinkafa kan ci kamar babban cokali 4 na khal, 2 na sukari, da ƙaramin cokali 1 na gishiri. Ɗanyen kifi zalla ba shinkafa sunansa sashimi, wannan ki ajiye shi sai gaba.

Maki shi ne naɗaɗɗen. Ana shimfiɗa shinkafa a kan nori, wato busasshen ganyen teku, a sa haɗi a tsakiya, a naɗe da 'yar tabarmar gora, a yanka gida 6 ko 8. Amfaninsa ga sabon shiga shi ne da yawansa babu ɗanyen kifi: kappa maki kokwamba ce kawai a ciki, naɗin Kalifoniya kuma fiya ce da kokwamba da dafaffen farin kifi da aka sarrafa ya yi kama da naman ƙaguwa. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: ƙamshin tekun da ke korar mutane yawanci daga nori yake fitowa. Idan naɗin ya jima a ajiye, nori ya sha danshin shinkafa, sai ya koma kamar roba, ki yi ta tauna ya ƙi yankewa. Shi ya sa naɗin Kalifoniya, wanda ya fito daga Arewacin Amurka, ya mayar da shinkafar waje ya ɓoye ganyen a ciki.

Nigiri kuwa dunƙulen shinkafa ne daidai loma ɗaya, an ɗora yankan kifi a kai. Ya samo asali ne a Edo, Tokyo ta yau, wajen shekarun 1820. Ba ya ɓoye komai, don haka ido ya fi jin tsoronsa, sai dai galibinsa babu nori, kuma ba duka ne ɗanye ba. Ebi dafaffen jatan lande ne, tamago soyayyen ƙwai ne mai ɗan zaƙi, aburi kuma an babbake saman kifin da wuta. Sabon kifi mai kyau ba ya ƙarni. In kin ji ƙarni, kifin ya kwana, kada ki ci.

To, in ƙarni ne matsalarki, nigirin ebi ya fi miki kowane maki. In santsi ne ko gani, fara da naɗin Kalifoniya, sannan kifin salmon aburi, sannan ɗanyen salmon, domin maiƙonsa na sa shi laushi, ɗanɗanonsa ba ƙarfi. A ganinmu tsallake matakin aburi shi ke mayar da mutane da yawa baya.

Yadda ake ci ma na ɓata shi. A cusa shi baki loma ɗaya. Gutsura na wargaza shinkafar ya bar ki da kifi yana jan haƙori. Hannu ya halatta, ba dole sai da tsinke ba. Gefen kifin ake ɗan taɓawa a shoyu, baƙin romon waken suya, domin shinkafa na zuƙe shi ta watse, gishiri ya rufe komai. Wasabi, koren yajin da ake haɗawa da shi, kada ya wuce ƙwayar gero biyu-uku, yajinsa hanci yake hawa. Cittar da ke gefe ta wanke baki ce tsakanin loma da loma. Kuma kada gwajin farko ya zama na cikin firjin kanti, sanyi na sandarar da shinkafar.

Ki tambayi mai dafawa ko ya sa mirin, giyar shinkafa ce mai zaƙi, ana yawan zuba ta a tamago da romon unagi, wato gasasshen kifin nan mai kama da maciji.

Game da lafiya, hukumar abinci ta Amurka ta ce kifin da za a ci ɗanye a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius har kwana 7, don kashe tsutsar anisakis. Firizar gida ba abin dogaro ba ce a nan, balle inda wuta ke ɗaukewa. Tarwada da sauran kifin ruwan daɗi ba a cin su ɗanye. Mai juna biyu ta tsaya kan dafaffe.