Ɗaukar ta yi kyau, gyaran ne ya kusa ɓata hoton Inna

Situdiyon da muka kai mahaifiyarmu a nan Kano aiki biyu yake yi a ɗaki biyu, kuma sai ka rantse ba gida ɗaya ba ne. A ɗakin gaba ake ɗauka, a na ciki ake gyara a kwamfuta. Na gaban na yaba masa ba tare da wani ja ba. Na cikin kuwa sai da muka kai ruwa rana.

Mai ɗaukar matashi ne, amma yana da haƙurin manya. Bai garzaya ya kunna fitilu ba. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambaye ta garinsu, da ta ce Sabon Birni sai ya ce, "Ashe Bagobira ce, ranki ya daɗe, ni kuwa Bayarabe ne ta wajen uwa, yau na haɗu da abokiyar wasa." Ta ƙyalƙyale da dariya, yana cikin tsokanarta ya riƙa ɗauka. Bai ce ta ɗora hannu a haɓa ba, bai ce ta ajiye carbinta ba. Ya kashe babbar fitilar gaba, ya bar ta gefe guda ɗaya, hasken ya bi kuncinta ya fito da tsagar Gobirawa layi-layi, tun daga gefen baki. Da ya juyo mana da bayan kyamarar, ƙanwata ta ce, "Wallahi Inna ce sak, haka take kallonmu in mun yi laifi."

Ranar karɓa aka miƙo mana wata mata daban. An haska fatar har ta koma fara tas, an shafe tsagar, an cike wushiryar da ke tsakanin haƙoranta, an goge jijiyoyin bayan hannu har da baƙin lallen da ya fara dusashewa a yatsu. Atamfar da ɗankwalin ne kawai nata. Inna ta daɗe tana duba hoton, sannan ta tambaya, "Wannan 'yar waye?"

Na ce wa mai gyaran, "Malam, wa ya sa ka?" Ya amsa cikin ladabi cewa haka kowa yake so, in bai yi ba ma sai a dawo masa da aiki a ce bai iya ba. Na yarda da shi, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Duba hotunan biki da ake sawa a Instagram: amare goma, fuska ɗaya, hanci ɗaya, fata kamar an shafe bango da fenti. Filtar waya ta saba mana da wannan fuskar har mun fara jin kunyar tamu. Ga tsohuwa irin Inna asarar ta fi girma, domin yanzu da wuya a yi wa jariri tsaga. Jikokinta a hoto kaɗai za su ga yadda take, in an bar ta a hoton.

Ba ina cewa kada a yi ado ba. Saidu Keita, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, har rediyo da agogo da keke yake ba mutane aro su ɗauki hoto da su, ya rataya zane mai ado a bayansu. Kowa ya fito a yadda yake so a gan shi, amma fuskar tasa ce, shi ya sa har yau ake baje waɗannan hotuna a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Haka Fati Abubakar, da ta fara ɗaukar mutanen Maiduguri a 2015 lokacin da duniya ba ta ganin komai a Borno sai Boko Haram. Ta nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da tsofaffi, kowa da kamanninsa, kuma ƙarfin aikin nata ke nan.

Don in yi musu adalci, ba su yi gardama ba. Suka dawo da asalin hoton, aka daidaita haske kaɗan, aka cire wani zare da ya maƙale a mayafi, shi ke nan. Takardar da suka wanke shi a kai mai kauri ce, kalar ba ta karkata zuwa ja ba, firam ɗin ma mai ƙwari ne. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na sauran wurare, kuma sun caje mu rabin kuɗin wanki na biyu, abin da nake ganin bai dace ba tunda ba mu muka ce a goge ba.

Zan koma, saboda mai ɗaukar. Amma duk wanda zai kai tsohonsa ko tsohuwarsa, ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa kada a taɓa kalar fata, tsaga ko haƙora. Ya nemi a nuna masa hoton a kwamfuta kafin a wanke, kuma ya sa a tura masa asalin wanda ba a gyara ba kafin ya biya cikon kuɗi.