Sautin tsofaffin fiyano na kyauta, na gwada na Legowelt

Duk mai haɗa kiɗa a Sakkwato ya san matsalarmu, kowa sauti guda yake jawowa daga manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ka saurari waƙa biyar kamar sutudiyo ɗaya sunka fito. Abin ya ishe ni shi ya sa na shiga neman sautin fiyanon da, irin na shekarun 1980, kuma ban da ko sisi da zan kashe.

Shafuka biyu na farko sun cinye min data a banza, ka danna wajen saukewa ya kai ka talla, ka sake dannawa wata tallar, ƙarshe su ce kawo lambar kati. Can wani yaro da muke aiki tare a Mabera ya ce oga gwada Legowelt. Wani makaɗi ne ɗan ƙasar Holan, Danny Wolfers sunansa na gaskiya, mutumin ya tara tsofaffin injinan kiɗa a gida, sai ya bi su yana naɗar sautinsu yana zubawa a shafinsa kyauta. Zif, wato dunƙulallen fayil, kawai za ka sauke ka buɗe, ga su nan fayilolin sauti na WAV.

Na ɗauko na injina biyu, Minimoog da Juno-106. Minimoog ɗin tun 1970 anka fara yin shi, kuma bes ɗinsa wallahi ba wasa, na ɗora shi ƙarƙashin kalangu sai sifikar shago ta kama rawa bisa tebur har kofin shayi na matsawa. Amma wanda ya tafi da ni shi ne Juno, na Roland, 1984. Akwai wata 'yar shuuu da ke bin bayan sautin idan an kunna koros ɗinsa, wato abin da ke ƙara wa sautin kauri, da fari na ɗauka belun kunnena ne sunka lalace, har na canza waya, ashe haka injin yake tun asali. Yanzu ita nake so ma, tana cike wurin da muryar mawaƙiya ta bari, waƙar ta daina jin kamar roba.

Sai dai a sani, sauti ne naɗaɗɗe ba injin ba. Nota guda ce kake shimfiɗawa bisa makullai duka, in ka yi sama sosai ta koma siririya da gaggawa, in ka yi ƙasa ta ja jiki kamar kaset da batir ya mutu. Ni kusa da inda anka naɗe ta nake tsayawa. Ladan abin kuma shi ne bai wahal da kwamfuta, wanga zafi na watan Afrilu da fankar laftof ke kuka tun hantsi, tawa tsohuwa ce amma ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Mai son sautin DX7 na Yamaha, wancan fiyano mai ƙara kamar gilashi na 1983, Dexed, wata manhaja mai kwaikwayon DX7, ya fi masa. Shi ma kyauta ne kuma yana karanta ainihin fayilolin DX7, kowane kundi sauti 32.

Abin ya sa min ƙwaɗayi har na ce bari in yi nawa. Na aro tsohuwar fiyanon Yamaha PSR wajen kawu, wadda ya sha kiɗan biki da ita, makulli biyu sun karye an ɗaure da salatif. Na jona ta da Audacity, manhajar naɗar sauti, ina naɗar nota ɗaya in tsallake biyu, kowace daƙiƙa huɗu, in yanke in sa mata suna. Rabin aiki anka ɗauke wuta munka tada janareto, ban lura ba sai da dare na ji gunjinsa ya shiga cikin sauti duka, dole washegari na sake daga farko da batir. Nota ashirin nake da su yanzu, kawu ya ce in maido masa fiyanonsa kafin Juma'a akwai biki a Arkilla.