Gargaɗi ga sababbin masu fentin sojojin Warhammer: ana sayar muku da jabu

Jama'a, musamman waɗanda suka fara sha'awar fentin ƙananan mutum-mutumin sojojin da ake wasan yaƙi da su a kan tebur, akwai damfarar da ta daɗe tana yawo a eBay da Facebook, kuma sabon shiga take farauta.

Mutum zai saka hoton rundunar wasan da ake kira Warhammer 40,000 a rabin kuɗinta ko ƙasa da haka. Ya ce ya daina wasan ne, ko ya ce kwalin ya yage, saboda haka a leda zai aiko. Maganar ledar nan ita ce tarkon. Abin da zai iso hannunka bai taɓa ratsawa ta masana'antar Games Workshop, kamfanin da ke ƙera Warhammer a Nottingham, ba. Wani ne ya sayi na gaske guda ɗaya, ya kwarara masa silikon ya yi mazubi, ya dinga zuba rezin (wani ruwa mai daskarewa ya yi tauri) mai arha yana fitar da kwafi. Wani lokacin ma kwafin kwafi ne, fuska ta shafe, zanen sulke ya dusashe, sojan ya ɗan fi na ainihi ƙanƙanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Wanda ya daɗe yana fenti, da ya taɓa zai gane. Sabon shiga kuwa ba shi da abin da zai gwada da shi. Zai shafa fentin farko ya ga yana tattaruwa kamar ruwa a kan ganyen gwaza, saboda maiƙon da aka shafa wa mazubin yana nan bai fita ba. Zai sa gam ya ƙi kamawa. Takobi ya karye da ɗan taɓi, ramukan kumfar iska su bayyana a kafaɗa da tsakanin yatsu. Sai ya ɗora wa hannunsa laifi, ya ce shi bai iya ba, ya ajiye buroshi ke nan. Mutum ya bar abin da yake so a kan laifin da ba nasa ba, wannan zalunci ne.

Ga gwajin da bai da wuya. Yawancin kayan kamfanin na yau roba ce mai launin toka, ana sayar da sassanta manne a jikin firam, kuma a jikin firam ɗin akwai sunan kamfanin da shekara. Gam ɗin roba yana ɗan narkar da fuskokin biyu ne su haɗe su zama ɗaya. A kan rezin ba ya yin komai, sai irin Super Glue. To idan shafin kamfanin ya ce kayan na roba ne, kai kuma gam ɗin roba ya ƙi ci, jabu ka saya. A lura dai, ba kowane rezin ne jabu ba. Kayan Forge World na gaske, wani sashe na kayan kamfanin, su ma da rezin ake yin su, shi ya sa 'yan damfara suka fi kwaikwayonsu, ga tsada ga wuyar ganewa. Wanda bai kai ga rarrabewa ba, ya bar sayen irin waɗannan a hannun wanda bai sani ba.

Akwai kuma waɗanda ko jabun ba za su aiko ba. Hoton aikin wani suka ɗauko. Ka ce wa mai sayarwar ya rubuta sunansa da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da kayan ya ɗauki sabon hoto, da hoton firam ta baya. Idan ya fara kame-kame, ko ya ce akwai mai jira ka hanzarta, ka tafi abinka. Idan ya nace ka biya ta ɓangaren PayPal na tura kuɗi ga dangi da abokai, wai don a kauce wa caji, kar ka yarda, wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Haka wanda ya ce ku fita daga eBay ku ƙarasa ciniki a WhatsApp.

Na san tsadar kayan ce ke tura mutane, kuma gaskiya suna da tsada. Amma mai koyo ba runduna yake buƙata ba. Ƙaramin kwalin farawa mai 'yan sojoji kaɗan da fenti da buroshi ya isa. Shagunan Warhammer a Ingila sukan zaunar da sabon shiga su nuna masa fentin farko kyauta. Sojojin tarihi na Perry Miniatures ko Warlord Games sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma hannu zai faɗa a kansu daidai. Ga shi kuma gasannin da Games Workshop ke shiryawa a cibiyarsa ta Warhammer World ba a shiga da kwafi.

Wanda ya riga ya faɗa, kar ya sa fenti ko gam a sauran kayan. Ya ɗauki hotunansu yadda suka zo, har da ledar da takardar aike, ya adana saƙonnin da suka yi, ya shigar da ƙorafi a shafin da ya saya tun wa'adi bai wuce ba, ya rubuta ƙarara cewa jabu ne. Idan kuma ya zaɓi ya riƙe su don koyo, ya wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, kuma kar ya goge rezin a bushe ba takunkumi, ƙurarsa tana cutar da huhu.