Agogon Time Timer a aji: ina yake taimakon yaro mai ADHD, ina yake gazawa

Yaron da ke fama da ƙarancin natsuwa da yawan motsi, matsalar da likitoci ke kira ADHD, ba ya jin wucewar lokaci kamar tsaransa. Malam ya ce "saura minti goma", a wurinsa da minti goma da awa guda duk ɗaya ne. Wannan giɓin Time Timer ke cikewa, kuma yana cike shi da kyau.

Wata uwa Ba'amurkiya, Jan Rogers, ce ta ƙirƙiro shi saboda 'yarta. Fuskarsa ta minti 60 ce, da jan faifai da ake juyawa zuwa adadin mintin da ake so. Lokaci na tafiya jan na raguwa, har ya ɓace. Ba sai yaro ya iya karanta agogo ba, ido kawai zai ɗaga. Batir AA yake ci, ba ya ƙas-ƙas, kuma ana iya kashe ƙarar da yake yi in lokaci ya cika. Akwai mai inci 3, da 8, da 12. Na tebur ɗaya mai inci 3 ya isa, amma ajin da ya cika maƙil sai mai 12, shi ma a zaunar da yaron a layin gaba, nesa da taga.

Yadda malam ya yi amfani da shi ne ke sa ya yi tasiri ko ya zama kayan ado. A ba yaro aiki ɗaya tak mai iyaka, misali tambayoyin lissafi biyar, a saita minti takwas zuwa goma. Jan ya ƙare, a ba shi minti biyu ya motsa jiki: ya goge allo, ya raba littattafai. A yaba masa nan take, kada a jira tashi. In ya saba sai a riƙa ƙara mintuna kaɗan-kaɗan.

Babban kuskure shi ne saita minti 40 na darasi gaba ɗaya. Faifan ba ya nuna motsin da ido zai kama, hankalin yaro sai ya tafi. Na biyu, mayar da agogon abin barazana: "ja ya ƙare ba ka gama ba, za ka sha bulala." Fargaba ce za ta hau shi, ya zuba wa faifan ido ya bar littafin. In an ga haka a kashe ƙarar, a matsar da agogon gefe. Ya fi kyau kuma a sa shi ga aji duka, domin yaron da aka ware da na'urarsa shi kaɗai ba ya tsira daga tsokanar 'yan aji.

Faifan siriri ne, hannun yara na iya lanƙwasa shi, don haka malam ya riƙe saitin. Tsada ma akwai, tunda daga waje ake shigo da shi. Ana samun kwaikwayonsa da araha, sai dai a kara a kunne kafin a biya, wasu suna ƙas-ƙas ɗin da ke ɗauke hankali.

Agogon ba ya maye gurbin likita. Ba kowace ƙiriniya ce ADHD ba: sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a gida da makaranta. Likitan ƙwaƙwalwa ko na yara ne zai tantance, kuma rubutaccen bayanin malam kan halin yaron a aji yana sauƙaƙa masa aikin sosai.