Akwatin Samfurin Duwatsu na Ɗalibai: Abin da Na Gani Bayan Zango Guda

A farkon zangon karatun da ya wuce na sayi akwatin samfurin duwatsu a wani shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje da ke Sabon Gari, domin na gaji da zana dutse a allo ina cewa ɗalibai su ƙaddara suna ganinsa. A cikinsa akwai duwatsu da ma'adinai 24, kowanne a gurbinsa, da gilashin ƙara girman abu, da guntun tangaran marar sheƙi, da maganaɗisu, da takardar ma'aunin taurin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya fara daga talki a mataki na 1 ya ƙare a daimon a mataki na 10.

Tangaran ɗin nan, duk da ƙanƙantarsa, shi ya fi komai amfani. Wata rana wani ɗalibi ya zo da dutse mai ƙyalli ruwan zinare, a ƙulle cikin leda, ya ce yayansa ne ya kawo daga wurin haƙa. Na ce masa, “Goga shi a nan mu gani.” Da ya goga sai layin ya fito baƙi mai ratsin kore, alhali zinare layi rawaya yake bari, muka gwada wuƙa ta kasa yi masa ko ƙwarzane, shi kuwa zinare, da taurinsa bai wuce 3 ba, wuƙa tana yankarsa. Fayirait ne, haɗin ƙarfe da farar wuta. Yaron ya yi shiru, amma tun daga ranar ajin ya daina yanke hukunci da launi.

Samfurin giranait ma ya yi kyau, domin ta gilashin ana rarrabe ƙwayoyin ma'adinan da suka haɗa shi, wato kwaz da falsifa da maika, kuma idan aka ajiye shi kusa da baƙin basal, wanda ƙwayoyinsa ba sa ganuwa, bayanin yana shiga da kansa: na farko narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa, na biyu kuwa ya malalo waje ya daskare da wuri.

Inda akwatin ya gaza shi ne, ba a haɗa shi don ɗan Kano ba. Babu marmara a ciki, ita da ta lulluɓe saman Dala da Goron Dutse, wadda ke samuwa idan zafi da ruwan damina suka daɗe suna cinye dutse har ya rage ƙarfe da alminiyam, kuma irin tamar da ke cikinta ce maƙeran farko suka narkar a gindin Dala. Babu kuza irin ta Riruwai. Sai da na tsinto marmarar da hannuna na cusa a gurbin da na ware.

Haka nan takardun sunayen da gam aka manna su, uku sun ɓare kafin wata guda, don haka duk wanda zai saya ya ɗiga wa kowane dutse farin fenti ya rubuta lamba tun ranar farko. Mai shagon mutum ne mai fara'a, sai dai bai san kayan ba, kuma bai da ruwan asid na gwada kalsayit, ma'adinin da ke kumfa idan asid ya taɓa shi. Mun daka gutsuren kalsayit ɗin ya zama gari muka ɗiga masa ruwan khal, ya yi kumfa kaɗan, wadda ta isa 'yan layin gaba su gani.